Dubai a Watan Agusta: Araha ce ko Sayen Wahala?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san Dubai. Muna shirin zuwa ni da maigidana da yara uku da mahaifiyata, kuma dogon hutun makaranta a Agusta yake faɗowa. Maigidan ya duba ya ga kuɗin otal ya sauka sosai a watan, ɗakin da a Disamba sai dai kallo, a Agusta aljihunmu zai iya ɗauka. Shi kam ya riga ya karkata can. Ni ce hankalina bai kwanta ba, don duk wanda na gaya wa sai ya ce "Agusta?" ya yi shiru. Hajiya ta haura shekara sittin, kuma tana da hawan jini. Don Allah wanda ya san garin a wannan lokacin ya faɗa mini gaskiya.

Baban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ku haɗa kayanku ku tafi, kar ki bari a tsorata ki. Harkar kasuwa tana kai ni garin nan a kowane irin wata, ban taɓa fasa tafiya don rana ba. Filin jirgi esi, tasi esi, jirgin Metro esi, otal esi, hatta rumfunan jiran bas da yawa an rufe su da gilashi an sa musu esi. To zafin ta ina zai same ku? Masu cewa a jira Disamba, masu kuɗin ɓatarwa ne. Abin da za ku rage a kan otal kaɗai ya isa ki yi wa yaran sayayya har ki riƙo tsaraba.

Injiniya Abu Amir:
Alhaji, da girmanka, amma wannan shawarar ɗan kasuwa ce, wanda zai sauka ya sari kaya ya kai wa masu kago ya juya. Ita da tsohuwa da ƙananan yara za ta zo. Ni a Sharjah, garin da ke maƙwabtaka da Dubai, nake zaune, aiki kuma kullum sai ya shigar da ni Dubai. A Yuli da Agusta zafin rana kan tsaya wajen digiri 41 a ma'aunin Salshiyas, kuma matsakaici ke nan, akwai ranakun da yake haura 45. Abin da baƙo ba ya tsammani shi ne dare. Rana ta faɗi, ka ce bari in fita in sha iska, sai ka tarar iskar ma da zafinta. Ko da asuba da wuya ma'auni ya sauko ƙasa da 30. In kana sa tabarau, kana fitowa daga wuri mai esi zai rufe da tururi nan take. Ruwan famfon da aka ce na sanyi ne, a gidaje da yawa sai ka tara shi ya huce kafin ka yi wanka da rana, saboda tankunan a saman bene suke.

Hukuma ma ba ta ɗauki abin da wasa ba. Duk shekara daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, doka ta hana a sa leburori aiki a ƙarƙashin rana daga 12:30 zuwa ƙarfe 3 na yamma, kamfanin da ya saɓa kuma tara ce a kansa. Waɗannan fa mutane ne majiya ƙarfi da jikinsu ya riga ya horu.

Auta:
Haba Injiniya, 41 ɗin ne abin tayar da hankali? Wasunmu a zafin da ya fi wannan aka yanke mana cibiya, kuma da azahar muke buga ƙwallo.

Malam Mai Taswira:
Auta, zo ka zauna in yi maka darasi kyauta. Lambar ma'auni tana iya zama ɗaya, zafin ya sha bamban. Jiki yana sanyaya kansa ne ta hanyar gumi, kuma sanyin yana samuwa ne a lokacin da gumin ke bushewa daga fata. Dubi randar ƙasa: in iska a bushe take, ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, na ciki ya yi sanyi ƙarara, in gari ya cika da laima, randar tana nan jiƙe sharkaf amma ruwanta ba sanyi. A busasshen zafi kana gumi yana bin iska, ka samu inuwa ka sha ruwa ka dawo daidai. A zafi mai danshi gumin zuba kawai yake yi, rigarka ta jiƙe, ruwan jikinka ya ƙare, zafin kuma yana nan a ciki.

Dubai a bakin Tekun Fasha take, kuma tekun ba shi da zurfi, matsakaicinsa bai wuce mita 50 ba. Shi ya sa yake saurin ɗaukar zafi. A Agusta ruwansa kan kai digiri 33 ko fiye, yana ta tura tururi cikin gari dare da rana. Wanda ya ce zai faɗa teku ya huce, ruwan ɗumi zai tarar.

Ga misali daga maƙwabciyarsu Doha. A Satumban 2019, lokacin gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, sai da aka jira tsakar dare kafin a fara gudun fanfalaki na mata, don a kauce wa rana. Zafin bai wuce digiri 33 ba, amma danshin iska ya haura kashi 70 cikin ɗari. Mata 68 suka fara, 40 ne suka kai ƙarshe. Kuma ai ka tuna Kofin Duniya na 2022, da aka ɗauke shi daga Yuni da Yuli da aka saba aka kai shi 20 ga Nuwamba zuwa 18 ga Disamba.

Auta:
To Malam, na yi shiru, amma ban miƙa wuya ba.

Baban Sadiq:
Malam, duk mun ji, amma Maman Hanifa ta ce muku gudun fanfalaki za ta je yi? Mutum miliyoyi ne ke zaune a garin nan a Agusta, da jariransu da tsofaffinsu, kuma suna rayuwa. Don wannan lokacin ma aka ƙirƙiro Dubai Summer Surprises tun 1998, shaguna su yi ragi, a shirya wa yara wasanni a cikin manyan kantuna. A Dubai Mall kaɗai mutum zai wuni bai ga rana ba, ga gidan kifaye ga filin ƙanƙara. Ni abin da ba na so shi ne a riƙa sa wa mai ƙaramin ƙarfi ra'ayin masu hali.

Maman Hanifa:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Bari in faɗi abin da muke son yi, wataƙila ya fi sauƙin ba da shawara. Yaran sun ga hotunan lambun furanni da Global Village, wurin nan na baje koli da wasanni, sun ɗaga mini hankali, babban kuma hawan yashi a sahara yake so. Hajiya ita burinta ta shiga kasuwar gwal da ƙafarta, ta kuma hau ɗan kwalekwalen nan da ake tsallaka ruwa da shi. Ni kuwa in samu in zauna a bakin teku da yamma, ya ishe ni.

Injiniya Abu Amir:
To 'yar'uwa, ke da kanki kin yanke hukuncin. Global Village ba ta buɗewa sai Oktoba, ta rufe a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu. Lambun furannin ma, wato Miracle Garden, a rufe yake a watannin zafin nan, furannin ba za su jure ba. Kin ga biyu sun tafi tun kafin ki sauka. Fita sahara ana yi, amma sai la'asar sakaliya, kuma yashin yana riƙe da zafin wuni, yaro ba zai iya cire takalmi ya yi gudu a kai ba.

Kasuwar gwal ta unguwar Deira shagunanta akwai esi, amma layukan da ke tsakaninsu rufin katako ne kawai, iska ta waje ce. Daga tashar Metro zuwa can ma akwai 'yar tafiya. Kwalekwalen da Hajiya ke so, abra, a buɗe yake ta kowane gefe, dama daɗinsa ke nan in gari da iska. Maganar Alhaji gaskiya ce ga wanda kanti da otal suka kawo shi. Amma jerin da kika kawo duk abubuwan waje ne, babu ko ɗaya na cikin gini. Sai ki biya kuɗin jirgin mutum shida ku zo ku wuni a kanti, yaran suna tambayar ina furannin.

Nas Ummu Aiman:
Ni maganar Hajiya ce ta tsayar da ni, sauran duk mai sauƙi ne. Anti, tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro ko matashi, ruwan jikinsa zai yi ƙasa bai ankara ba. Sannan cikin magungunan hawan jini akwai masu sa yawan fitsari, akwai kuma masu rage bugun zuciya. A zafi mai tsanani jijiyoyin fata suna buɗewa, jini ya sauka, ga gumi ga magani, sai mutum ya miƙe tsaye jiri ya ɗebe shi. Faɗuwar tsohuwa a kan tayil kuwa kin san abin da take jawowa. Ban ce a daina shan magani ba fa, kar wani ya karanta rabi. Likitanta ne zai duba kafin tafiya, a kowane wata za a je.

Masu cewa mazauna garin suna rayuwa, ai jiki yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da sabon zafi. Mai ziyarar kwana goma, lokacin da jikinsa zai fara sabawa ya riga ya hau jirgin komawa. Kowa ya ji abin da ya faru a Hajjin 2024 da ya faɗo tsakiyar Yuni, zafi a Makka ya kusa digiri 52, hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar mutum fiye da 1,300, Allah ya jiƙansu. Can doguwar tafiya ce a rana, ba irin taku ba, amma ya nuna waɗanda zafi ke fara kayarwa: tsofaffi da masu ciwo a jiki.

Alamomin da za a kula da su: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, fitsari ya yi ja ya ragu. Wannan a kai mutum wuri mai sanyi a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In ya fara ruɗewa ko sambatu ko ya suma, ba zancen jira, a jiƙa masa jiki a kira motar asibiti. Lambarta a Daular Larabawa 998.

Baban Sadiq:
Nas, kan lafiyar Hajiya ba ni da ja. Amma dai ku daina nuna kamar lokacin sanyi Aljanna ce.

Uwar Biyu:
Yauwa Alhaji, a nan ina bayanka. Mu a ƙarshen Disamba muka je, kuma ban ce kowa ya yi koyi da mu ba. Rana kam ba laifi, digiri 25, 26, ka yi ta yawo ba gumi. Amma duniya ce gaba ɗaya ta juye a garin. Turawa sun gudo wa ƙanƙara, ga hutun Kirsimeti, ga bikin sayayya na Dubai Shopping Festival, ga masu jiran wasan wuta na sabuwar shekara a Burj Khalifa. Duk inda ka nufa layi, tasi sai ka yi ta jira, titunan da ke kusa da dogon benen a daren 31 ga wata tun da yamma ake rufe su. Kuɗin ɗaki kuwa kar ma a yi magana.

Sannan akwai sanyi, mutane ba sa faɗa. Daren sahara a Disamba da Janairu yana sauka ƙasa da digiri 10, tagwayena haƙoransu har haɗuwa suke yi a sansanin da aka kai mu cin abinci. Ruwan teku ma a lokacin ya huce, yaro ya shiga minti kaɗan ya fito yana rawar ɗari. Ga hazo da sassafe, fari fat, ba ka ganin motar gabanka. Jirginmu sai da ya yi ta shawagi a sama kafin a ba shi damar sauka. Saboda haka in kin guje wa Agusta, kar ki faɗa makon ƙarshe na Disamba da tsohuwa, tsayuwar layi kaɗai ta ishe ta.

Injiniya Abu Amir:
Gaskiya ne Uwar Biyu. Hazon nan mu masu tuƙi tsakanin Sharjah da Abu Dhabi mun san shi, har rage iyakar gudu ake yi a manyan hanyoyi idan ya sauka. Yawanci kafin ƙarfe goma na safe ya watse. Amma ni ban ce Disamba ba tun farko. Tsakanin Agusta da Kirsimeti ai akwai watanni.

Malam Mai Taswira:
Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, don mutane da yawa suna zaton da an fita Agusta shi ke nan. Rana mafi tsawo a wannan ɓangaren duniya wajen 21 ga Yuni take, amma ƙasa da teku suna ci gaba da tara zafi bayanta, shi ya sa ƙololuwar ke zuwa a ƙarshen Yuli da Agusta. Haka kuma saukarsa take jinkiri. Satumba har yanzu wajen 39 ne, kuma danshinsa ba kama hannun yaro. Oktoba 35, da dama-dama da yamma. Sai a Nuwamba ake sauka wajen 30 zuwa 31, dare ya yi daɗi, teku kuma bai gama hucewa ba. Janairu ne mafi sanyi, rana wajen 24, dare 14 zuwa 15. Daga nan a fara hawa: Maris wajen 28 ko 29, Afrilu 33, Mayu ya kusa 38.

In an lura, Nuwamba da Maris sun yi kusa a lambar rana, amma ni Nuwamba zan zaɓa wa mai son bakin teku, domin a Maris ruwan yana ɗauke da sanyin hunturu, a Nuwamba kuwa yana ɗauke da ɗumin bazara. Kuma ɗan ruwan saman da garin ke samu, wanda a shekara duka bai cika wuce milimita 100 ba, yawancinsa tsakanin Disamba da Maris yake sauka. Ku dubi masu shirya manyan taruka, su da suka kashe kuɗi suka yi nazari: baje kolin Expo daga 1 ga Oktoban 2021 zuwa 31 ga Maris na 2022 aka yi shi, taron sauyin yanayi na COP28 kuma 30 ga Nuwamban 2023 aka buɗe shi.

Afrilu yawanci lafiya lau ne, sai dai 2024 ta ba kowa mamaki. Ranar 16 ga watan aka tafka ruwan da ba a taɓa auna irinsa ba tun da aka fara ajiye bayanai a 1949. Wani yanki na Al Ain, a masarautar Abu Dhabi, ya samu sama da milimita 250 cikin ƙasa da awa 24, filin jirgin Dubai ya cika da ruwa, matafiya suka kwana a ƙasa.

Auta:
Malam, ba wannan ne aka ce su suka jawo wa kansu ba, da jiragen da suke turawa suna watsa wa gajimare gishiri?

Malam Mai Taswira:
Suna yin wannan aikin tun da daɗewa, gaskiya ne, amma shi ɗan ƙara wa gajimaren da ya riga ya haɗu ƙarfi yake yi. Hadarin 2024 gagarumi ne, masu hasashen yanayi sun hango shi kwanaki kafin ya iso, kuma sai da ya fara yi wa Oman ɓarna har da asarar rayuka. Ƙaramin jirgi da gishiri ba zai haɗa hadarin da ya rufe ƙasashe ba. Abin da ya tsananta lamarin shi ne gari ne da aka gina shi don fari, magudanansa ba a yi su don irin wannan ruwan ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan tambayar baiwar Allah. Mai son zancen gajimare ya buɗe nasa zaren.

Ummu Khalil:
Afuwan Shugaba, tawa tana da alaƙa. Malam, ke nan duk garin da ake kira mai zafi, Nuwamba zuwa Maris ne lokacinsa? Ina tambaya ne don mu tunaninmu ya fi karkata Bangkok ko Alƙahira.

Malam Mai Taswira:
A'a Ummu Khalil, kowane gari da abin da za a tambaya a kansa. Garuruwan Tekun Fasha tambayarsu ita ce yaushe zafi ke sauka. Na kudancin Asiya kuwa tambayar ita ce yaushe ruwa ke ɗaukewa. Bangkok wata mafi zafi a wurinsu Afrilu ne, lokacin bikin watsa ruwa na Songkran daga 13 zuwa 15 ga wata. Damina ta kama daga Mayu zuwa Oktoba, Satumba ya fi kowane wata ruwa. Sai Nuwamba zuwa Fabrairu gari ya bushe ya ɗan yi sauƙi. To a nan lissafin ya zo ɗaya da na Dubai, amma dalilin daban. Mumbai daga Yuni zuwa Satumba ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, a ranar 26 ga Yulin 2005 sun samu milimita 944 a kwana ɗaya. Singafo tana dab da layin da ya raba duniya biyu, kowane wata 31 ne ko 32 da danshi, babu wani lokacin sanyi da za a jira. In kuma aka tsallaka kudancin duniya sai lissafin ya juye: Riyo de Janairo a Janairu da Fabrairu take tafasa, Yuli ne lokacin sauƙinta. Alƙahira kuma bari in bar wa mazauninta.

Ɗalibi a Alƙahira:
Na amsa Malam. Anti, zafin nan garin busasshe ne in an kwatanta da Dubai. Yuli da Agusta wajen 35, da rana ba daɗi musamman a wurin dala na Giza da babu inuwa, amma bayan magariba gari yana sakewa, iyalai su fito bakin Nilu har tsakar dare. Luxor da Aswan ne ba a shiga da bazara, can 40 ake wucewa kullum. Abin da zan ce a kiyaye shi ne tsakanin Maris da Mayu, lokacin iskar khamasin, mai zafi da ƙura, sama ta koma ja, mai asma ya sha wuya. Hunturu kuma rana wajen 19, dare 9 ko 10, kuma gidajen ba a yi su don sanyi ba, cikin ɗaki ya fi waje sanyi. Oktoba da Nuwamba su ne zaɓina.

Maman Hanifa:
Na ƙaru sosai wallahi. Matsalar ita ce Nuwamba yara suna makaranta, babban ma jarrabawa ce a gabansa. Abin da muke da shi Agusta ne ko hutun Disamba. Maigidan yana nan kusa da ni ina karanta masa, ya ce a gaya wa Alhaji Baban Sadiq shi kaɗai ne mai tausayin magidanta a zauren nan.

Baban Sadiq:
Ki gaishe shi, ki ce masa muna tare. In dai Agustan ne ya zama dole, akwai yadda ake yi. Ku kama otal da ke manne da tashar Metro ko da babban kanti, kar araha ta ja ku lungun da sai an yi tafiyar minti goma a ƙasa. Duk abin da za a yi a waje a yi shi bayan sallar asuba zuwa ƙarfe takwas, daga nan a shige ciki. Azahar zuwa la'asar barci. Kasuwar Deira bayan isha'i, dama da rana shaguna da yawa a rufe suke. Kowa da gorar ruwansa, kuma ku riƙe wa Hajiya mayafi mai kauri, don sanyin esin kantunan nan ba ƙarami ba ne. Haka mazauna garin suke yi, ba wani sirri.

Injiniya Abu Amir:
Wannan tsarin daidai ne Alhaji, haka muke yi. Amma mu dole ce ta sa, aiki ya riƙe mu, kuma duk wanda ya samu hutu a cikinmu a Yuli da Agusta barin garin yake yi, shi ya sa ma ɗakunan suke araha. Larabawan nan da kansu jiran tauraron Suhail suke yi, wanda ke bayyana wajen 24 ga Agusta, suna ɗaukarsa alamar zafi ya fara karyewa. Ko shi ɗin a dare ake fara jin bambanci, rana tana nan yadda take.

'Yar'uwa, ga tawa shawarar. Disamba ba duka ba ne cunkoso. Bayan hutun ranar ƙasa ta 2 ga wata, akwai ɗan sarari har zuwa wajen 20, kafin masu Kirsimeti su cika gari. In makarantar yaran ta rufe a tsakiyar wata, ku taso washegari, ku yi mako guda, ku bar garin kafin 24. Global Village a buɗe, lambun furanni a buɗe, Hajiya ta hau abra da la'asar cikin kwanciyar hankali. Kuɗin zai fi na Agusta, wannan ba makawa, amma za a iya rage shi: maimakon otal a bakin teku ku nemi gida mai kicin a Deira ko Bur Dubai ko ma nan Sharjah, ku rage kwanakin. Wuraren shaƙatawa kuma ku je su tsakanin Litinin da Alhamis, tunda tun 2022 hutun mako a Dubai Asabar da Lahadi ne, Juma'a rabin rana. Wanda zai zo a wata shekarar kuma ya duba kalanda, azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, lokutan buɗe wurare suna canzawa a cikinsa, hutun Sallah kuma yana tayar da farashi.

Baban Sadiq:
Sharjah? Injiniya, ka gaya mata cunkoson hanyar da safe da yamma mana, kar ka sayar mata da rabin labari.

Injiniya Abu Amir:
Wannan kuma ka kama ni. Mai yawon buɗe ido dai ba dole ya fita ƙarfe bakwai ba, amma da tsohuwa Deira ta fi, na yarda.

Uwar Biyu:
In kun tsayar da Disamban, ki nemi jirgin da zai sauka da rana ko da yamma, saboda hazon asuba. Ki sa wa kowane yaro rigar sanyi a jakar hannu, ranar sahara kuma har da safa. Tikitin hawa Burj Khalifa a saya ta intanet tun kafin a taso, na lokacin faɗuwar rana shi ke fara ƙarewa.

Maman Hanifa:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Maigidan ya ce zai kwatanta kuɗin kwana goma a Agusta da na kwana shida a tsakiyar Disamba ya gani, bai dai ce ya sauka ba tukuna. Nas, zan turo miki hoton magungunan Hajiya ta akwatin sirri ki duba mini ko akwai mai sa fitsarin a ciki.

Nas Ummu Aiman:
Turo Anti, zan gaya miki ko wane iri ne. Amma canji ko ragi sai likitan da ya rubuta mata. Ki roƙe shi ya ba ku takardar magungunan da Turanci, a bar su cikin kwalayensu na asali a jakar hannu, don Daular Larabawa tana da tsauri kan wasu magunguna, akwai waɗanda sai an nemi izini kafin a shiga da su.